Kafin ka sayi Maserati ta hannu: abin da bidiyon TikTok ba ya nuna maka

Duk mai leƙa TikTok da Instagram ya san irin bidiyon da nake nufi. Jar mota ce ƙasa-ƙasa kamar za ta shafi kwalta, a taka totur sau biyu ta yi ruri, a ɗora waƙa a kai, shi ke nan. Daƙiƙa goma sha biyar ne, amma sun isa su hana saurayi barci. Da can abin kallo ne kawai. Yanzu kuwa akwai matasan da kuɗi ya shigo musu a lokaci ɗaya, wani ta kirifto, wani ta kwangila, wani gado aka raba, kuma da sun shiga shafukan gwanjon motoci na Amurka sai su ga abin mamaki: Maserati Ghibli da aka sayar kusan dala 70,000 tana sabuwa, ga ta an sa mata ƙasa da dala 20,000. Sai zuciya ta fara lissafi, ai wannan ba ta fi kuɗin wata Camry ba.

To a nan ne ake faɗawa rami. Motar ce ta faɗi a farashi, kayan gyaranta ba su faɗi ba. Birkinta, tayarta, fitilarta da kwamfutar da ke cikinta duk suna nan a farashin motar dala 70,000. Mai ita na farko ya rabu da ita ne daidai lokacin da garantin kamfani ya ƙare, manyan gyare-gyare suka fara leƙowa, kuma kai ne za ka gaje su. Ni da ke hawa adaidaita zuwa lakca ba zan ce wa kowa kada ya sayi abin da ransa ke so ba. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, gara ka san girman ramukan tun kafin ka tura kuɗi.

Ba duka ne Ferrari ba

Kusan duk waɗannan motoci daga yanki ɗaya suke fitowa a arewacin Italiya. Ferrari tana garin Maranello, motarta ta farko ta fito a 1947. Maserati an kafa ta a Bologna a 1914, daga baya ta koma Modena. Lamborghini tana Sant'Agata Bolognese tun 1963, kuma wanda ya kafa ta, Ferruccio Lamborghini, asalinsa mai ƙera taraktocin noma ne. Alfa Romeo ce ta ɗan yi nisa, a Milan aka haife ta a 1910, kuma da motocinta Enzo Ferrari ya yi ta tsere kafin ya fara ƙera nasa. Sai ƙaramarsu Abarth mai tambarin kunama, wadda aikinta shi ne ta ɗauki ƙaramar Fiat ta sa mata zafi.

Sanin wanda ya mallaki kowanne a yau yana da amfani ga aljihunka. Audi ta sayi Lamborghini a 1998, shi ya sa Gallardo da Huracán suke da dangantaka ta kusa da Audi R8, wasu kayan ma iri ɗaya ne. Alfa Romeo, Maserati, Fiat da Abarth kuwa suna ƙarƙashin Stellantis, kamfanin da aka haɗa a 2021, wanda Peugeot ɗinmu ta gado ma tana cikinsa, tare da Jeep da Chrysler. Wannan ne dalilin da za ka shiga Ghibli ka ga maɓallan gilashi da allon rediyo irin na Chrysler. Masu son alfahari suna jin haushin haka. Kai mai saye ta hannu murna ya kamata ka yi, don abin da aka raba da motoci masu yawa ya fi sauƙin samu. Ferrari ita kaɗai take tsaye da ƙafarta, kuma farashin kayanta ma haka yake tsaye.

Af, ga masu mafarkin ƙofar nan da ke ɗagawa sama: manyan Lamborghini masu silinda 12 ne suke da ita, irin su Murciélago da Aventador. Gallardo da Huracán ƙofarsu a gefe take buɗewa kamar ta kowa. In ka ga Gallardo tana ɗaga ƙofa, wani ne ya yi mata aiki, kuma sai ka tambayi wane ne.

Idan motarka ta farko ce a wannan layi, gaskiya ka cire Ferrari da Lamborghini daga lissafi, sai fa in kuɗin da za ka saye ta ba zai taɓa jarinka ba ko kaɗan. Inda matashi zai iya sa hannu shi ne Alfa Romeo Giulia, wadda aka fara sayarwa a 2016, ko Maserati Ghibli ta 2013 zuwa sama, ko GranTurismo mai ƙofa biyu da aka ƙera daga 2007 zuwa 2019, ko Abarth 500, ko Fiat 124 Spider. Wannan ta ƙarshen tana da sirri: suna da inji na Italiya ne, amma a Hiroshima ta Japan kamfanin Mazda ya haɗa ta a kan ginin MX-5. Wasu na yi mata dariya saboda haka, alhali wannan jinin na Japan shi ne ya sa ba ta cika ba da ciwon kai ba. Akwai kuma Alfa 4C, kyakkyawa ta gaske, amma gangar jikinta da zaren kabon aka yi, sitiyarinta ba shi da na'urar sauƙaƙa juyi, kuma in ta bugu ba aikin mai walda ko mai bugun bodi na bakin titi ba ne. A bar ta ga masu mota biyar.

Bel da giya: inda kuɗin ke tafiya

Abu biyu ne suka fi talauta masu waɗannan motoci, kuma duka biyun ba a ganin su a hoto.

Na farko belin taimin. Shi ne ke daidaita motsin fistin da bawul a cikin inji. A irin waɗannan injina, idan ya tsinke mota na tafiya, fistin zai daki bawul, inji ya tashi daga aiki nan take. Bel roba ne, yana tsufa ko ana hawa motar ko tana ajiye, shi ya sa ake ƙidaya masa shekaru, ba kilomita kaɗai ba. Tsofaffin Alfa masu injin Twin Spark, irin su 156 da 147 da GTV, sai da kamfanin ya rage wa'adin canza belinsu zuwa shekara uku ko mil 36,000 saboda yadda yake tsinkewa kafin lokaci. Ferrari 348 da F355 kuwa sai an sauke injin gaba ɗaya daga motar kafin a kai ga bel. Ka tsaya ka yi tunanin wannan: aikin da ake maimaitawa bayan 'yan shekaru, kuma kowane karo sai an sauke inji. A 360 Modena ta 1999 sun gyara abin, akwai murfi a bayan kujeru da ake buɗewa a kai gare shi. Daga F430 ta 2004 suka koma sarƙa, wadda ba a canza ta a kai a kai. Injin V8 na GranTurismo da Quattroporte, wanda Ferrari ce ta ƙera wa Maserati shi, shi ma sarƙa ce. Nasa ciwon daban ne: na farko-farkon suna da matsala a na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul, kuma alamarta ita ce ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani na 'yan daƙiƙu idan aka tayar da injin da safe.

Saboda haka tambayar farko ga mai mota ita ce yaushe aka canza bel, kuma ina rasit. "An canza kwanan nan" ba amsa ba ce. In babu takarda, ka ɗauka ba a canza ba, ka cire kuɗin aikin daga farashi.

Na biyu giya, kuma a nan ne nake so ka natsu. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2010 kamfanonin Italiya sun yi yayin wata giya da ba otomatik ba ce ta gaskiya. Giyar hannu ce mai kuloci ɗaya, sai aka cire feda aka sa famfon mai da kwamfuta su riƙa taka maka kulocin. Kowane kamfani da sunan da ya ba ta: Ferrari ta ce F1, Lamborghini ta ce e-gear, Alfa ta ce Selespeed, Maserati ta ce Cambiocorsa, a Quattroporte kuma DuoSelect. A buɗaɗɗen titi tana da daɗi, tana sauya giya da ƙarfi har ka ji a bayanka. Amma a cunkoso, inda ake matsawa taku biyu a tsaya, kwamfutar tana riƙe kulocin rabi-rabi, yana gogewa yana cinyewa. Ka kwatanta fitowa daga Kantin Kwari da yamma, ko hanyar Nyanya da safe. Kulocin da zai yi shekaru a Turai, a nan ba zai kai ko kusa ba, kuma canza shi sai an raba giya da inji, sannan a daidaita sabon da kwamfutar kamfani.

Abin daɗin shi ne kwamfutar motar tana ajiye lissafin yadda kulocin ya cinye, kashi nawa cikin ɗari. Mai na'urar da ta dace zai karanto maka shi cikin mintuna. Haka kuma idan ka buɗe ƙofar direba za ka ji famfon giyar ya yi ɗan kuka yana tara ƙarfi. In ya daɗe yana yi, ko yana ta tashi a kai a kai, akwai magana.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka kauce mata baki ɗaya. Maserati da kanta ta gane, a 2007 ta fara sa wa Quattroporte otomatik ta gaskiya ta kamfanin ZF na Jamus, mai giya shida, kuma mafi yawan GranTurismo ita suke ɗauke da ita. Ghibli da Giulia kuwa ZF mai giya takwas ce a cikinsu, irin wadda ke cikin BMW da Range Rover da Dodge Charger. Ma'ana akwai kanikawa a Abuja da Legas da Kano da suka taɓa buɗe irinta. Wannan kaɗai ya isa ya sa na fifita su.

Daga ina ta fito?

Yawancin motocin da ke shigo mana daga Amurka ta gwanjon Copart da IAAI suke biyowa, kuma babban abin da ake sayarwa a can shi ne motocin da kamfanin inshora ya riga ya biya mai su ya ce gyara bai da riba. Ga Corolla wannan ba lallai ya zama tashin hankali ba, an saba, kaya na nan birjik a Ladipo da Ƙofar Ruwa da Panteka. Ga motar da ke iya haura kilomita 250 a awa kuwa, shasin da ya lanƙwashe aka miƙe shi da wuta da guduma maganar rai ce.

Wadda ta fi haɗari ma ba ta da ko ƙwarzane: motar ambaliya. Bayan guguwar Harvey a Texas a 2017 da ta Ian a Florida a 2022, motoci masu ɗimbin yawa sun nutse, aka kwashe su zuwa gwanjo, wasu suka tsallaka teku. Ruwan gishiri yana shiga wayoyi da kwamfutoci, ya riƙa ci a hankali. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe fitilar birki, jibi mota ta mutu a tsakiyar titi ba dalili. Motocin Italiya dama ba su yi suna wajen ƙarfin lantarki ba, ina ga an ƙara musu da wanka a teku.

Makaminka shi ne lambar shasi, wato VIN, mai harufa da lambobi 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana jikin ƙofa, tana kan takardu, kuma dole duka su zo ɗaya. Motar da aka ƙera a Italiya da harafin Z take farawa: ZFF Ferrari, ZHW Lamborghini, ZAM Maserati, ZAR Alfa Romeo, ZFA Fiat. Ita 124 Spider da J take farawa tunda a Japan aka haɗa ta. A motocin kasuwar Amurka harafi na goma shi ke nuna shekarar mota, don haka dillalin da ya ce maka 2018 ce alhali 2015 ce aka sauya mata fitilu da bamba, lambar za ta tona shi. Ka sayi rahoton Carfax da kanka, kada ka karɓi wanda aka turo maka a WhatsApp, don ana gyara su. Sannan ka rubuta lambar a Google kawai. Sau da yawa hotunan ranar gwanjo suna nan, za ka ga motar da ke sheƙi a gabanka yadda take kafin a shafa mata hoda.

Akwai kuma ta sata. A 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka shigo da su Najeriya.  Motar alfarma da aka yi maka tayinta a farashin da bai shiga hankali ba, ana kuma gaggauta ka, ka ja baya.

Ta fuskar doka, abu uku. An hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu tun 1 ga Janairun 2017, don haka "'yar Kwatano" da aka biyo da ita ta daji kwastan na iya kama ta ko bayan shekaru, kuma mota irin wannan ba ta ɓuya a shingen bincike. Na biyu, mu a dama muke tuƙi tun 1972, mota mai sitiyari a dama ba a yarda da ita ba. Za ka ga Alfa da Maserati da araha a Ingila, kada ka yarda wani ya ce zai juya maka sitiyari a gareji. Na uku, akwai iyakar shekaru: motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa ba ta cikin waɗanda aka yarda a shigo da su, kuma tun 2022 kwastan da lambar shasi suke ƙiyasta kuɗin fito. Ka lissafa da kanka, F355 da 360 da F430 da tsofaffin Alfa duk sun fita. Wadda za ka samu a cikinsu ita ce wadda ta riga ta shigo, ta sha hannun kanikawa iri-iri. Kafin ka biya, ka kai lambar takardar kwastan ofishinsu a tabbatar an biya fito cikakke.

Zaman aure da ita a ƙasarmu

A Turai gidan mai yana da famfo daban-daban, mai lamba 95 da mai 98, kuma waɗannan injina 95 ne mafi ƙarancin abin da suke so, wasu 98. Lambar tana nuna yadda fetur ke jure matsi kafin ya kama da kansa. Mu kuwa famfo ɗaya ne, abin da tanka ta kawo shi za ka sha. Idan fetur bai kai ba, inji yana ƙwanƙwasa, kwamfuta ta rage masa ƙarfi don ta kare shi, sai ka biya kuɗin doki 400 kana hawa ƙasa da haka. Masu turbo sun fi jin jiki, musamman a zafin Afrilu da Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40. Kuma ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol ya lalata motocin mutane. Wanda ya sayi irin wannan mota ya yi sallama da 'yan bumburutu, ya zaɓi gidan mai ɗaya ko biyu da ya yarda da su.

Shan man ma abin dubawa ne tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. GranTurismo a cikin gari kilomita biyar zuwa shida take yi da lita ɗaya. Ka auna daga gidanku zuwa inda kake zuwa kullum, ka ninka.

Baƙin mai kuwa ba wurin tsimi ba ne. Injin MultiAir da ke cikin 124 Spider da Giulia mai lita 2.0 da matsin baƙin mai yake buɗe bawul ɗinsa, don haka man da bai dace ba, ko jabu, ko jinkirin juye, kai tsaye yake kashe na'urar. Lambar man da littafin motar ya faɗa, ita za ka nema, kuma da ƙurar hunturu gara ka riƙa juye da canza matatar iska kafin wa'adin da aka rubuta don Turai.

Sai titi. An ƙera su ne don kwalta mai santsi, cikinsu na dab da ƙasa. Tudun rage gudu da 'yan unguwa ke ginawa da siminti yadda suka ga dama, ramukan damina, gangaren shiga gida, kowanne yana jiran bambar gaba da kaskon mai. Tayoyinsu sirara ne, rami ɗaya yana iya fasa taya ya lanƙwasa rim, kuma da yawansu ba su zuwa da safaya. Kafin ka je ganin mota, ka fara duba layinku. Ba wasa nake ba. In daga ƙofar gida zuwa babban titi sai an bi ta kwata, Giulia ko Ghibli ne iyakar abin da zai iya rayuwa a wurin, su ma da lallami.

Zafi yana da nasa aikin a cikin ɗaki. Ferrari da Maserati na shekarun baya an shafa wa maɓallansu wata roba mai laushi da ke narkewa ta koma danƙo, ta riƙa manne wa yatsa. Fatar dashbod kuma tana tsukewa ta ɗaga idan rana ta dake ta. Motar nan tana son inuwa. Tana kuma son wuta, don ko a kashe take tana zuƙar batir, in ta yi mako biyu ba a tayar ba sai ta fara kawo fitilun gargaɗi na ƙarya. A Turai ƙaramar caja suke jona mata dare da rana. A unguwar da wuta ke zuwa awa huɗu, sai ka haɗa da sola.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar bakanike. Ka nemo shi kafin ka nemo motar. Ka je garejinsa, a Apo ne ko a ina, ka ga ko akwai irinta a ajiye, ka tambaye shi wace na'ura yake karanta ta da ita, don ƙaramar na'urar da ake jona wa Honda ba ta shiga kwamfutar giya da ta birkin waɗannan. Bakaniken da ya ce "ai duk mota mota ce", ka gaishe shi ka wuce. Mafi yawan kayan daga Turai ko Amurka ko Sharjah ta Daular Larabawa za a yi odarsu, da dala, a jira makonni. Ka tuna kuma dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya sayi mota da lissafin farko, da lissafi na biyu ya yi gyara. Wannan ne ya sa za ka ga irinsu a gidajen manya an lulluɓe da tamfol, taya ta sace, ana jiran wani ƙaramin abu da bai fi tafin hannu ba.

Ranar dubawa

Ka ce wa mai motar kada ya tayar da ita kafin ka zo, kuma da isarka ka taɓa murfin inji ka tabbatar da sanyi. Injin da aka ɗumama yana ɓoye rabin laifinsa. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: dole duk fitilun gargaɗi su kama, har da na inji da na jakar iska, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, an cire ta ne ko an rufe ta da baƙin tef. Ka saurari daƙiƙun farko da kunnenka, waya a aljihu. Hayaƙi shuɗi yana nufin tana ƙona baƙin mai, fari mai kauri da bai ɗauke ba kuma ruwa ne ke shiga inji.

Ka ɗaga kafet ka shinshina. Ka duba ƙarafan da kujera ke gudu a kai ko sun yi tsatsa, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai layin laka. Motar da aka cika ta da turare fiye da kima, akwai abin da ake rufewa. Ka bi tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bonet, in wani gefe ya fi wani faɗi an taɓa bugawa. A jikin taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta wuce shekara shida, komai kyan zanenta, ba ta gudu ba ce. In faifan birkin na kabon ne, ka tambayi farashin guda ɗaya kafin ka ci gaba da magana, wataƙila hirar ta ƙare a nan.

Kada ƙarancin kilomita ya ruɗe ka. Ana mayar da agogo baya, kuma ko na gaskiya ne, motar da ta shekara biyar a ajiye robobinta sun bushe, za ta fara yoyo da ka fara hawa. Wadda aka hau a kai a kai, aka yi mata hidima da takardu, ta fi wadda aka ajiye ana goge ta. Sannan a ɗaga ta sama a gareji a leƙa cikinta, a jona kwamfuta, a tuƙa ta aƙalla rabin awa har da cunkoso, esi a kunne, ido a kan allurar zafi. Mai motar da ya ƙi yarda bakanikenka ya duba ta ya riga ya ba ka amsa.

Wajen kuɗi, ra'ayina shi ne in abin da ke hannunka ya kai kuɗin motar cif-cif, to bai kai ba. Ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na farashinta ka ajiye don shekarar farko, kuma kada ta zama ita kaɗai ce motarka, balle a ce da bashi ko da kuɗin jari aka saye ta. Inshorar dole ta naira 15,000 da aka fara a Janairun 2023 wanda ka buga take biya wa, har zuwa naira miliyan uku, taka motar ba ruwanta. Cikakkiyar inshora kuwa ba ta yin ƙasa da kashi biyar cikin ɗari na darajar mota a kowace shekara. A garin da ɗan adaidaita zai goge maka ƙofa ya ce "yi haƙuri Alhaji", wannan kashi biyar ɗin ba almubazzaranci ba ne.

Akwai abin da ya fi kuɗi. Giulia Quadrifoglio doki 505 gare ta, kuma duk a tayoyin baya take zuba shi. Wanda ya saba da Corolla, in ya taka ta a kwana yadda ya saba, bayanta zai wuce gabanta kafin ya ankara. Iyakar gudu a babbar hanya ga motar gida kilomita 100 ne a awa, kuma titunanmu akwai ɗan acaɓa, akwai almajiri, akwai akuya. Wasan mota da ake yi a bukukuwa don a ɗauka a waya ya sa gidaje da dama zaman makoki. Maɓallin nan da ke kashe na'urar hana santsi, don filin tsere aka yi shi.

Da ni za a tambaya, Giulia mai lita 2.0 zan nuna. Doki 280 ya ishi kowa, tana da ƙofa huɗu, giyarta ZF ce, shekarunta na cikin abin da doka ta yarda, kuma a kwana tana ba da daɗin da ake sayen motar Italiya dominsa. Mai son rurin V8 ya nemi GranTurismo ta shekarun baya-bayan nan mai giyar ZF, ya shirya wa gidan mai. Ghibli tana tsakiya, ta fi su suna a idon 'yan unguwa, ta kuma fi Giulia cin kuɗi.

Ranar biya a rubuta yarjejeniya da lambar shasi a ciki, da shaidu biyu, da hoton katin shaidar mai sayarwa, a tura kuɗi ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takardun, a kuma fara canjin mallaka a makon. Ka karɓi littafin motar da duk rasit ɗin gyara. Ka kuma tambayi makulli na biyu, don na waɗannan motoci ba a yanka shi a kasuwa, sai an yi oda an haɗa shi da kwamfutar motar. In ya ce ɗaya ne, a cire kuɗin na biyun kafin ka danna tura.